Komawa Aji Bayan Girma: Wace Makarantar Injiniyancin Jiragen Sama Ce Ta Dace?

A jami'o'in Amurka akwai wasu ɗalibai da ba a cika sa hotonsu a takardun talla ba. Ba 'yan shekara 18 ba ne da suka bar sakandare jiya. Cikinsu akwai sojan da ya gama wa'adinsa, da makanikin da ya shekara goma yana kwance injin jirgi yana ɗaurawa, da matar da ta tsaya renon 'ya'ya, da baƙon da ya zo da difloma daga ƙasarsu yana tuƙin tasi da dare. Idan irin wannan mutum ya ce injiniyancin jiragen sama da kumbo yake so ya karanta, abin da ake fara yi masa shi ne a lissafo jami'o'in da suka yi suna: MIT, Georgia Tech, Michigan, Purdue, Stanford. A ganina babu shawarar da ta kai wannan rashin amfani a wurinsa. An yi wannan jeri ne don yaron da iyaye za su ɗauki nauyinsa, wanda zai rataya jaka ya tafi duk jihar da ta kira shi. Mai kuɗin haya a wuya da yara a makaranta, tambayarsa daban ce. Gemu ba ya hana ilimi, haka ne, amma masu karin maganar ba su ce ilimin mai gemu yana da araha ba.

Cewa abin yana yiwuwa, wannan ba abin musu ba ne. Mary Jackson ta sami digirinta na lissafi tun 1942, ta yi koyarwa, ta yi aure, ta haihu, kafin a 1951 ta shiga cibiyar binciken jiragen sama ta Langley a jihar Virginia tana aikin lissafi. Da ta nemi zama injiniya sai aka ce sai ta ƙaro wasu darussa, waɗanda Jami'ar Virginia ke bayarwa da dare a wata sakandaren fararen fata zalla a garin Hampton. Sai da ta nemi izinin hukumar garin kafin a bar ta ta zauna a ajin. A 1958, bayan ta haura shekara 35, ta zama mace baƙar fata ta farko da ta riƙe muƙamin injiniya a NASA. Abin da ya kamata a lura da shi a labarinta shi ne ba suna ta bi ba. Aji ta nema kusa da wurin aikinta, a lokacin da za ta iya zuwa, wanda kuma zai kai ta ga kujerar da ta riga ta gani da idonta. Haka ya kamata babba ya yi: ya fara daga aikin da yake so, ya taho da baya har ya iso makarantar.

To wane aiki? Sana'o'i uku ne mutane kan cakuɗa. Akwai mai tuƙa jirgi, akwai mai gyara shi da sa hannu cewa ya isa tashi, akwai kuma mai zana shi da lissafa ƙarfin fiffikensa tun kafin a yanka ƙarfe. Digirin da muke magana a kai na na ukun ne, kuma yawancin ranakunsa gaban kwamfuta suke ƙarewa, ba a ƙarƙashin jirgi ba. Wanda hannunsa ke son sifana ya sani cewa hanyarsa ta fi gajarta: hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana barin mai wata 30 yana aikin gyaran jikin jirgi da injinsa ya zauna jarrabawar lasisi ba tare da digiri ba. Mutane da yawa sun ɓata shekara biyu a ajin kalkulas kafin su gane wannan lasisin ne zuciyarsu ke nema.

Bayan an tabbatar da aikin, sai maganar da takardun talla ba sa taɓowa, alhali ga baƙo ita ce gaba da komai: takardar zama. A dokar Amurka da ake kira ITAR, roka da makami mai linzami da jiragen yaƙi da wasu nau'o'in tauraron ɗan'adam duk suna cikin jerin kayan yaƙi. Nuna wa baƙo zanensu, ko da a cikin ofis ne a tsakiyar Texas, doka na ɗaukarsa tamkar an fitar da kayan zuwa ƙasarsu. Wanda ya tsira daga wannan shi ne ɗan ƙasa, da mai katin zama na dindindin, da wanda aka ba mafaka. Ayyukan da ke buƙatar izinin ganin sirrin gwamnati kuwa sai ɗan ƙasa, haka ma yawancin guraben ma'aikatan NASA. Shi ya sa ɗalibin da ya zo da bizar karatu zai iya fin kowa maki a aji, amma ranar da kamfanoni suka zo makaranta ɗaukar ma'aikata, ya zaga teburin Lockheed Martin da Northrop Grumman da SpaceX ya tarar tambayar farko ita ce ta takardarsa. Jiragen fasinja da ƙananan jirage marasa matuƙi na kasuwanci sun fi sauƙin sharuɗɗa, sai dai kasuwar ta ragu sosai idan aka cire ɓangaren tsaro da na sararin samaniya.

Bizar karatun ma ba a yi ta don magidanci ba. Tana tilasta ɗaukar cikakken karatu, yunit 12 a kowane zango ga mai karatun digirin farko, darasi ɗaya tak na intanet ake ƙirgawa a ciki, aiki kuma ba ya wuce awa 20 a mako a cikin harabar makaranta. Ke nan hanyar nan ta aiki da rana karatu da dare a rufe take gare shi. Ga kuma siyasa: a watan Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashe 12 da ta rufe wa ƙofa. Saboda haka abin da zai biyo baya ya fi shafar wanda ya riga ya zauna can da takarda a hannu, irin 'yan'uwanmu da ke Houston ko Bronx ko Maryland. Na gida za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda lissafin yake, wato shekaru. Digirin injiniya a Amurka yunit 120 zuwa 130 ne, an tsara shi a shekara 4 ga wanda ba shi da wani aiki sai karatu. Mai aikin yini da zai iya ɗaukar darasi biyu a zango, yunit 6 ke nan, 12 a shekara. A raba 128 da 12, an haura shekara 10. Ko ya haɗa da zangon bazara, shekara 7 ce. Amma yawan yunit ba shi ne babban ƙalubalen ba, jerin su ne. Karatun injiniya kamar ginin soro yake, ba a ɗora azara sai bango ya tashi ya bushe. Kalkulas na ɗaya ne ke buɗe na biyu da fiziks. Su ne ke buɗe darasin ƙarfin abin da ke tsaye, shi kuma ya buɗe na abin da ke motsi da na juriyar ƙarfe. Sai an wuce darasin zafi da na gudanar ruwa da iska kafin a shiga na yadda iska ke ɗaga fiffike, da na injin jet, da na sarrafa jirgi a sama. A ƙarshe akwai aikin ƙira na shekarar ƙarshe, wanda a makarantu da yawa zango biyu ne a jere, cikin ƙungiya. Ba a tsallake mataki, ba a kuma haɗa biyu don a yi sauri.

Wannan jeri ne ya kamata ya yanke hukunci tsakanin makaranta da makaranta. A ƙaramin sashe, darasin aji uku sau ɗaya ake bayar da shi a shekara, wataƙila ƙarfe goma na safiyar Talata da Alhamis. Idan yaro ya kwanta asibiti a watan Oktoba mutum ya ajiye darasin, ba darasi ɗaya ya rasa ba, shekara guda ya rasa, tare da duk abin da ke jiran darasin a gaba. Babbar jami'ar gwamnati mai ɗalibai dubbai takan maimaita darasi kowane zango, wani lokaci har da ajin yamma. Wannan bambanci ba ya fitowa a jerin gwanayen jami'o'i, amma a jadawalin darussa yake a fili, kuma jadawalin yana shafin kowace makaranta kyauta. Awa biyu da mutum zai yi yana duba jadawalin shekara biyun da suka wuce ya fi masa ziyarar harabar makaranta.

Sai tsohon karatu. Kowace jami'a da irin ma'auninta wajen karɓar darussan da aka yi a wani wuri, kuma akwai wata dabara da ke ruɗar mutane: a ce an karɓi yunit 60, amma a zuba 40 a rukunin darussan zaɓi da ba sa rage komai daga sharuɗɗan injiniya. An karɓa, ba a amfana ba. Mai takardar wata ƙasa sai ya fara biyan kamfanin tantance takardu irin WES, kuma bayan haka ma sashen ne ke da ta cewa. Lissafin da aka yi shekara 12 da suka wuce, ko makaranta ta karɓa, ni shawarata a sake shi. Ba kalkulas ke kayar da manya ba, aljabara da tirigonometiri da suka yi tsatsa ne. Zango ɗaya da za a yi ana wanke su ba ɓata lokaci ba ne, kuma babu abin kunya a ciki.

A nan ne kwalejojin shekara biyu na unguwa suke da rana. Kuɗinsu a matsakaici kusan dala 4,000 ne a shekara, suna da ajin dare da na Asabar, azuzuwan ƙanana ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ke ciki manya ne. Ana iya gama duk lissafi da fiziks a can kafin a koma jami'a. Jihar Florida ta sauƙaƙa abin, domin lambar darasi ɗaya ce a duk makarantun gwamnatinta, kuma Jami'ar Central Florida da ke Orlando tana ba waɗanda suka gama kwalejojin da take ƙawance da su, kamar Valencia, tabbacin gurbi. Sai dai a kula: samun gurbi a jami'a daban, samun gurbi a sashe daban. A Jami'ar Washington da ke Seattle da Texas A&M, alal misali, sashen jiragen sama yana da tasa ƙofar ta biyu mai gasa. A tambayi mutum nawa sashen ya ɗauka bara daga masu sauyin makaranta.

Karatu ta intanet fa? Yana da amfani, amma ba kamar yadda ake tallarsa ba. Bututun gwajin iska da injin gwada ƙarfin ƙarfe ba sa shiga waya. Jami'ar North Dakota ta daɗe tana bayar da digirin injiniya daga nesa, da sharaɗin ɗalibi ya zo garin Grand Forks da bazara ya yi aikin ɗakin gwaji. Embry-Riddle, wadda sunanta ya fi na kowace fitowa idan an yi maganar jirage, tana da reshen intanet da sojoji ke yawan bi, amma a karanta sunan digirin da kyau, domin abin da ake koyarwa a harabarta ta Daytona Beach da Prescott ba lallai ne shi ake bayarwa daga nesa ba. A ko'ina kuma a duba hatimin ABET, hukumar da ke tantance karatun injiniya. Kwas take tantancewa ba makaranta ba, kuma ta raba injiniyanci da fasahar injiniyanci, wanda lissafinsa ya fi sauƙi amma ba kowane kamfani ke ɗaukar mai shi a kujerar injiniya ba. Sabon kwas ba ya samun hatimin sai ya yaye ɗaliban farko. Saurayi na iya wannan caca, mai shekara 38 bai kamata ya yi ba.

Idan da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya fi suna muhimmanci, zan ce maƙwabta. Jami'ar Wichita State ba ta cikin manyan sunayen da aka lissafa a farko, amma a garinta ake ƙera jiragen Cessna da Beechcraft da gangar jikin Boeing 737, kuma tana da babbar cibiyar gwajin jirage da ke ɗaukar ɗalibai aiki da albashi. Jami'ar Alabama ta Huntsville tana jingine da cibiyar Marshall ta NASA da sansanin Redstone. Ita Central Florida ma an kafa ta a 1963 ne musamman don ta samar wa tashar harba kumbo ta Kennedy ma'aikata. Dalilin da ya sa wannan ya fi shafar babba shi ne aikin sanin makama. Kamfanoni sun fi ɗaukar wanda ya yi musu wata uku da bazara, yaro kuwa ba abin da zai hana shi kulle ɗaki ya tafi wata jiha. Magidanci ba zai ajiye aikin da ke biyan inshorar lafiyar iyalinsa don wata uku ba. Abin da zai maye masa gurbin wannan shi ne ya shiga masana'antar tun yanzu, ko a matsayin mai haɗa sassa ko mai duba inganci, ya yi karatun yana ciki. Boeing da RTX da wasunsu suna biya wa ma'aikata kuɗin makaranta, dokar haraji kuma ta yafe har dala 5,250 a shekara na irin wannan taimako. Ranar da digiri ya fito, ba baƙo ne ke neman aiki ba, ɗan gida ne ke neman ƙarin girma.

Maganar kuɗi a taƙaice. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, matsakaicin kuɗin jami'ar gwamnati ga ɗan jiha kusan dala 11,600 ne, ga wanda ya zo daga wata jiha sama da 30,000, jami'a mai zaman kanta kuma sama da 43,000. Wannan tazara kaɗai ta isa ta tsayar da mutum a jiharsa. Girma yana da riba ɗaya: daga shekara 24, ko mai aure, ko tsohon soja, ba a duba dukiyar iyayensa wajen tallafin gwamnati, kuma tallafin Pell, wanda ba bashi ba ne, ya kai dala 7,395 a shekara. Tsohon soja yana da wata 36 na tallafin karatu, da ƙarin wata 9 ga masu fannin kimiyya da injiniya. Bashin karatu kuwa da ruwa yake zuwa, kuma ga Musulmin da ke gudun riba wannan wani dalili ne na bin hanyar kwaleji mai araha da kuɗin kamfani. Wanda ya riga ya mallaki digirin farko ba ya samun Pell. Shi dai in digirinsa na lissafi ne ko fiziks ko wani fannin injiniya, kada ma ya koma aji ɗaya. Ya cike darussan da suka rage masa ya shiga digiri na biyu, wanda Purdue da Georgia Tech duk suna bayarwa daga nesa. A nan ne, kuma a nan kaɗai, babban suna ke zuwa hannun mai iyali da sauƙi.

Akwai abin da zan faɗa da masu sha'awar jirage ba za su so ji ba. Ga mafi yawan manya, digirin makanikal, wato injiniyancin injuna, ya fi na jiragen sama dacewa. Shekara biyun farko kusan ɗaya suke. Kamfanonin jirage da kansu suna ɗaukar 'yan makanikal da na lantarki da na kwamfuta da yawa. Alƙaluman ma'aikatar ƙwadago ta Amurka sun nuna guraben injiniyoyin jiragen sama kusan 70,000, na makanikal kuwa kusan 290,000. Gaskiya ne matsakaicin albashin na farkon ya haura dala 130,000 a shekara, amma masana'antar tana da hawa da gangara mai tsanani. Tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da 1971 ma'aikatan Boeing a yankin Seattle sun ragu daga kusan 100,000 zuwa ƙasa da 40,000. An sake irin ta bayan yaƙin cacar baka, aka sake a 2020, kuma a Oktoban 2024 kamfanin ya sanar da rage kusan mutum 17,000. Ɗan shekara 24 da aka sallama sai ya koma ɗakin iyayensa. Ɗan 45 yana buƙatar takardar da masana'antar mota ko ta wuta ko ta mai za ta karɓa a garin da 'ya'yansa ke makaranta. Wanda ya tabbata ilimin iska da fiffike ko lissafin hanyar tauraron ɗan'adam ne abin da yake so, wannan kam ya bi nasa fannin, domin su ne makanikal ba ya koyarwa da zurfi.

Na gida kuma, ba sai ya ƙetare teku ba kafin ya fara. Cibiyar Fasaha ta Sojan Sama, AFIT, da ke Kaduna tana bayar da digirin wannan fanni kuma tana ɗaukar farar hula. A Kaduna ɗin ne aka ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Fabrairun 2018. Jami'ar Jihar Kwara da ke Malete ita ma tana da sashen. Mai difloma yana iya shiga ta hanyar JAMB kai tsaye zuwa aji biyu, ya rage shekara ɗaya daga biyar. Sai dai karatun na cikakken lokaci ne, kuma wanda ya haura shekara 30 ranar gamawa takardar yafewa zai karɓa maimakon bautar ƙasa, ga tallace-tallacen aiki da ke sa iyakar shekaru ba kunya, abin da dokar Amurka ta hana yi wa 'yan 40 zuwa sama tun 1967. Guraben ƙira a Najeriya kuma 'yan kaɗan ne: sojan sama, da hukumar sararin samaniya NASRDA da aka kafa a 1999, da kamfanin NIGCOMSAT. Inda ake neman hannu shi ne gyara, tun da har yau kamfanonin jiragenmu suna kai jirage waje don babban gyara. Ga wannan, Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda ke nan tun 1964, ita ce hanyar lasisi, kamar yadda makarantar EAMAC ta Yamai ke horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da na'urorin filin jirgi ga ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Mai digiri da ke son ƙira zalla ya dubi Cranfield a Ingila, wadda digirinta na biyu shekara ɗaya ne.

Duk inda aka dosa, a zauna da uwargida ko maigida tun kafin a cike fom, a faɗa musu shekarun yadda suke, ba yadda ake fata ba. Sannan a aika wa sashen, ba ofishin ɗaukar ɗalibai ba, da takardun sakamako, a nemi amsa a rubuce: darussa nawa ne cikin nawa za su rage mini hanya, kuma idan darasi biyu zan riƙa ɗauka a zango, wace shekara zan gama? Sashen da ya saba da manya zai turo jadawali, zango bayan zango, da sunan malamin da za a kira. Wanda ya ce sai an biya kuɗin rajista kafin a duba, a bar shi a nemi wani.